Ranar da Kwamfuta Ta Haɗe Ni da Takwarata

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na taɓa rantsewa ba zan manta ba. Amma abin da ya sami takwarata a daminar da aka yi bikina, wannan kam yana nan tare da ni har ranar da za a kai ni makwancina. Har yau in na zauna gaban kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata, sai in ji yatsana ya yi nauyi.

Takwarar tawa 'yar ƙanin mahaifina ce. Gida ɗaya aka haife mu a Kabara, shekara ɗaya, na riga ta da 'yan watanni, kuma dukkanmu sunan kakarmu aka raɗa mana, wato mahaifiyar iyayenmu maza. Wanda ya san cikin Birni ya san wannan ba abin mamaki ba ne, kowane ɗa so yake ya yi wa uwarsa takwara. A gida ba mai kiranmu da sunan yanka, don wa zai buɗe baki ya kama sunan tsohuwa gatsau? Kowace da laƙabinta. Sai a makaranta da asibiti sunan yake fitowa, a can ma da sunan kakanmu namiji ake cika mana, kamar yadda ake yi wa duk 'ya'yan gidan. Mu biyu kuwa “takwara” muke ce wa juna. Hali ne kawai ya raba mu. Ni ga baki ga saurin hawa, ita kuwa sai ta wuni ba a ji muryarta ba, in na ɗauko faɗa da wani ita ce mai jan gefen mayafina.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, 'yan siyasa suna ta rabon abin arziki don a san da su. Ina aiki a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti da mutanen unguwa suka gina a Gwale. Wata rana wani ɗan takara ya aiko mana da kwamfuta, har da masu ɗaukar hoto. Aka ɗauko wani malami mai koyar da kwamfuta ya haɗa mana rumbun bayanai, wato inda za a zuba duk abin da ke cikin katunan marasa lafiya. Mutum ne mai haƙuri, ba zan ci amanarsa ba, ya sha tsiwata bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Shi ya nuna mini abin da ya kira wizad, ni kuma na sa masa suna ɗan jagora. Ya ce asalin rumbun ba ya jin magana sai da rubutaccen umarni, mai wuyar haddacewa, harafi ɗaya ya kuskure shi ke nan. Amma ɗan jagora zai yi miki tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ki zaɓa, ki danna Next, wato ci gaba, a ƙarshe ki danna Finish, shi kuma ya rubuta umarnin da kansa ya aiwatar. Akwai na shigar da sabon mara lafiya, akwai na nemo mutum, akwai na ajiye kwafin komai saboda tsaro. Na ji daɗin abin ƙwarai. Ranar farko da zan gwada, ba wanda ya zo mini a rai sai ni kaina, don haka na shigar da sunana, na zama lamba ɗaya. Na yi ta yi wa mutanen gidanmu fankama da wannan lamba.

Matsala ɗaya muka ci karo da ita. Kwamfutar ba ta karɓar mutum in babu ranar haihuwa ta boko. To, wa ya riƙe wannan a cikin Birni? Sai a ce maka da azumi aka haife ta, ko bayan Sallar layya, ko shekarar da soron gidan wane ya rufta. Mu ma da muka yi makaranta, iyayenmu watan Musulunci suka sani. Sai Malam ya ce mu riƙa sa ɗaya ga Janairu ga duk wanda bai sani ba, shekarar dai a kintata. Haka kusan duk unguwa suka zama haihuwar rana ɗaya. Muka yi ta dariya, har Sista, babbar nas ɗinmu, tana cewa ranar ungozomomi sun ga ta kansu.

Katin takwarata ni na shigar da shi da hannuna. Muna 'yan mata an taɓa ba ta wata farar ƙwaya don tari, bakinta ya kumbura, jikinta ya feso da ƙuraje, ta sha wuya kafin ta warke. Tsohon likitanmu na lokacin ya rubuta sunan maganin da jan biro a saman katinta, ya ce kada a kuskura a sake ba ta shi ko danginsa. Na kwafe shi a gurbin gargaɗi. Suna ne na Turanci mai tsawo, ba wanda ya riƙe shi a gidanmu, an dai san an rubuta a asibiti. Daga baya likitan ya sami aiki a Saudiyya ya tafi. Tsofaffin katunan kuwa, da aka gama shigar da su, aka ɗura a buhu aka jefa sito, rufi na yoyo, gara ta yi bikinta a kansu.

Ita ta riga ni aure da shekara guda. Da bikina ya zo tana da ƙaramin ciki na fari, tana ta ɓoye shi da mayafi saboda kunya, amma duk da haka ita ta tsaya a kan komai nawa. Tare aka yi mana lalle. Na ɗauki hutun amarci, aka kai ni gidan miji, na shiga ɗaki na zauna kamar yadda ake yi, ba fita ba leƙe. Sista ta riƙe mini kwamfuta kafin in dawo.

Abin da ya faru a bayana, sai daga baya na haɗa shi. Takwarata ta je awon ciki na farko. Ta miƙa ƙaramin katinta na hannu, Sista ta buga lambar, kwamfuta ta ce babu. Ta buga suna, mutum ɗaya ta fito, suna daidai, unguwa daidai, shekara daidai. Sista ta soke tsohuwar lambar ta rubuta wadda ta gani. Da aka zo ba ta ƙwayoyi ukun nan na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki, takwarata ta sunkuyar da kai ta ce akwai maganin da ba ya karɓarta. Sista ta tambaye ta sunansa, ta ce ba ta sani ba, amma an rubuta. Sista ta duba gurbin gargaɗi, fayau, ba komai. Har juyo mata fuskar kwamfutar ta yi ta ce ta gani da idonta. Ƙwayoyin ba su yi kama da waccan ta tari ba. Da ni ce da an ji mu har bakin titi, amma ita ba ta iya musu ba. Ta karɓi ruwa ta haɗiye.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe ta, idanunta suka yi ja. Damina ce, kowane gida da mai zazzaɓi, ba wanda ya kawo komai a ransa. Mijinta, bawan Allah, ya je kemis ya ce a ba shi maganin zazzaɓi mai ƙarfi, aka ba shi irin ƙwayoyi ukun nan dai, ta ƙara sha. Da ƙuraje suka fito, tsofaffi suka ce ƙyanda ce ta manya, aka shiga jiƙe-jiƙe. Ni kuma aka ɓoye mini, wai kada a tayar wa amarya da hankali. Wannan ɓoyewar har yau tana ci mini rai. Sai da fatar jikinta ta fara saɓulewa aka kwashe ta zuwa babban asibiti, sannan mahaifiyata ta aiko a ce in zo.

Da na shiga ɗakin, na wuce gadonta ban gane ta ba. Leɓunanta sun yi baƙi sun tsattsage, idanun sun manne, bayanta da ƙirjinta kamar wadda aka kwara wa tafasasshen ruwa. Zane ma ba a iya rufa mata, sai da aka yi masa ƙarfe ya tsaya a sama. Ƙafafunta na kalla na ga lallen bikina, bai ko gama fita ba, irin zanen da ke tawa ƙafar. Na kira ta, ta ɗan motsa yatsu, ta gane muryata.

Likitar da ke dubanta ta tara mu a baranda. Ta ce wannan ba ƙyanda ba ce, magani ne jikinta ya ƙi, kuma tana bukatar sanin wanne ne, don kada su ƙara mata danginsa cikin abin da suke ba ta. Mahaifiyarta tana kuka ta ce akwai wani tun tana budurwa, amma ba su san sunansa ba. Na yi caraf na ce ni na san inda yake, ni na rubuta shi, a ba ni awa guda. Wallahi har wani ƙarfi na ji, na ce yau aikina zai yi rana.

An yi ruwa da safe, lungunan Gwale duk kwata ta cika ta tumbatsa. Na tattare zanen amarci na kutsa haka nan. Na tarar an ɗauke wuta, na sa mai gadi ya tayar da janareto, na zauna na buɗe ɗan jagoran neman mutum. Na buga sunanmu. Da can in na buga, mu biyu muke fitowa, ni a sama ita a ƙasa. Ranar mutum ɗaya ta fito. Lamba ɗaya. Na buɗe, komai nawa ne, sai a can ƙasa an ƙara awon cikin da ba ni na yi ba, da ƙwayoyi uku da ba ni na sha ba. Gurbin gargaɗi kuwa ba komai, domin ni ba maganin da ya taɓa ƙina. Na sake bugawa, na juya sunan, na buga tsohuwar lambarta da na haddace, kwamfuta ta ce babu wannan mutum.

Na yi kan Sista da masifa. Ta rantse ba ta goge komai ba, ba ta ma san yadda ake yi ba. Ta ce dai ta yi wa Malam ƙorafi cewa kwamfutar ta yi nauyi, kuma in an nemi mace ɗaya sai biyu ko uku su fito, shi kuma ya zo ya yi gyara, tun daga nan komai ya yi tsaf. Na aika mai gadi a kan babur ya ɗauko shi daga makarantarsa wajen Ƙofar Ɗan Agundi.

Ya shigo da fara'arsa yana yi mini barka da amarci. Na nuna masa kwamfuta na ce ya nuna mini abin da ya yi. Ya buɗe wani ɗan jagora da ban taɓa gani ba, na share maimaici. Ya ce gaskiya ne akwai maimaici da yawa, mata kan yar da kati su zo su buɗe sabo. Ya bi da ni shafi-shafi. Shafin farko ya tambaya a ina za a duba, ya zaɓi marasa lafiya. Na biyu ya tambaya da me za a gane cewa biyu mutum ɗaya ne, ya zaɓi abu huɗu: suna, sunan mahaifi ko kaka, unguwa, ranar haihuwa. Na uku ya tambaya wanne za a bari, tsoho ko sabo, ya zaɓi tsoho. Na huɗu ya nuna umarnin da ya rubuta, layuka na Turanci, da wani ɗan maɓalli a gefe na ganin waɗanda abin zai shafa. Ya ce wannan bai buɗe ba, don suna da yawa, kuma ya ga ba yadda za a yi mutum biyu daban su dace a abu huɗu, musamman ranar haihuwa.

Na ce, “Malam, ranar haihuwa? Ba kai ka ce mu sa ɗaya ga Janairu ba?”

Ya dube ni. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta canza, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa aka rasa?”

Na ce, “'Yar'uwata. Tana can fatarta tana zuba, kuma sunan maganin yana cikin abin da ka share.”

Na faɗa masa maganganu a ranar da ba zan maimaita su a nan ba. Shi kuwa ya ce kada in damu, akwai kwafin ajiya, ai ya saita ɗan jagoran da ke kwafe komai kullum lokacin tashi. Raina ya ɗan dawo. Ya buɗe na dawo da ajiya, ya zaɓi kwafin, ya danna Next, ya danna Next, ya danna Finish. Wani shuɗin layi ya fara cika a hankali. Ni da shi da Sista muka zuba masa ido. Ina ta salati a zuci. Da ya cika, kwamfuta ta ce an yi nasara. Na ture shi na buga sunanmu da kaina, mutum ɗaya ta sake fitowa.

Sai ya duba kwanan watan kwafin, ya ga na jiya ne. Ashe ranar da ya saita abin, ɗan jagoran ya tambaye shi ko kowace rana a yi sabon kwafi, ko a riƙa rubutawa a kan na jiya. Cikin kwamfutar ba shi da girma, sai ya zaɓi a rubuta a kan na jiya. Tun yammacin ranar da ya yi gyara, kwafin da ke ɗauke da takwarata ya tafi. Na ruga sito na zazzage buhunan kati, sai ƙasa da gara da guntayen takardu suka zubo mini a ƙafa. Na zauna a wurin daɓas na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba.

Na koma babban asibiti hannu rabbana. Na tarar likitar ta riga ta gano, domin ta matsa wa mijin da tambaya har ya zaro kwalin maganin kemis daga aljihu. Ta ce ƙwayoyi ukun nan da waccan ta tari 'yan gida ɗaya ne, duk wanda ya ga sunan waccan a gurbin gargaɗi ba zai ba ta waɗannan ba. Ta ce sun dakatar da komai, saura addu'a. Cikin ne ya fara zubewa. Ita kuma ta ƙara kwanaki tana shan azabar da ba na yi wa maƙiyina fata, ruwa ma da auduga ake ɗiga mata. Ana gobe za ta rasu, da hantsi, ina zaune kusa da kanta, na ji tana motsa baki. Na kai kunnena. Ta ce, “Takwara, na fa gaya musu.” Na ce na sani. Washegari Juma'a, kafin a tafi masallaci, rai ya yi halinsa.

A gidan makoki kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ba mai wuce ranarsa. Iyayenta suka ce sun yafe, ba za su kai ƙarar kowa ba. Kakarmu, mai sunan, tana raye a lokacin, ta tsufa tukuf. Da na durƙusa gabanta ta shafa kaina ta ce yanzu saura ni kaɗai nake riƙe mata sunan. Ba ta san abin da maganar ta yi mini ba. Malam ya zo gaisuwa kullum har aka share makoki, yana zama can ƙarshen tabarma a ƙofar gida, ba ya iya ɗaga kai.

Da na koma aiki, Sista ta ce mini a hankali, ba ta kallon idona, wai ƙa'ida ce in mara lafiya ya rasu a rufe bayanansa. Na buɗe kwamfuta. Bayanan da ke ɗauke da awon cikinta lamba ɗaya ne, nawa. In na rufe su, ni na mutu ke nan, ita kuwa ba ta taɓa zuwa duniya ba. Na ce wallahi ba za a yi haka ba. Na buɗe ɗan jagoran shigar da sabon mara lafiya. Ya tambayi suna, na rubuta sunanmu. Ya tambayi ranar haihuwa, na tashi na je har gida na tambayi mahaifiyarta, ta ce cikin watan Rajab ne, ran Talata, na sa aka lissafo mini ta boko gwargwadon iko. Ya tambayi gargaɗi, na rubuta sunan maganin da likitar ta gano harafi-harafi, yanzu kam na haddace shi. Ya tambaya ko tana raye, na zaɓi a'a. Na danna Finish, kwamfuta ta ce an yi nasarar ƙara sabon mara lafiya.

Sauran daminar da bayanta, ni da Malam muka bi lungu-lungu, gida-gida, muna tambayar mata ko akwai mai irin sunansu a gidan, muna raba waɗanda aka haɗe. Ba su da kaɗan. Mun tarar da mai hawan jini da aka haɗe da lafiyayya, da mai sikila da aka haɗe da 'yar baffanta. Allah ya tsare, ba a sake rasa kowa ba. Shi ya nace sai na koyi karanta rubutaccen umarnin da kaina, ya zaunar da ni ya koya mini, ya ce kada in sake yarda da shi ko da wani a kan abin da ban gani ba.

Yau wannan aikin nake ci da shi, kuma ban daina amfani da 'yan jagora ba, suna sauƙaƙa aiki, ƙarya ne in ce ba sa yi. Amma na san iyakarsu. Ɗan jagora ya san hanyar da umarni zai bi, bai san cikin Birni ba, bai san gida ɗaya zai iya ƙunsar mata biyu masu suna ɗaya da kaka ɗaya ba. Abin da ka gaya masa shi zai aikata, da sauri, ba tare da ya ji komai ba, sannan ya ce maka an yi nasara. Shi ya sa duk wanda ya zo koyo a hannuna, ba na barinsa ya share ko layi ɗaya sai ya ajiye kwafi daban ya gwada shi ya ga yana dawowa, sai ya karanta umarnin, sai ya buɗe ɗan maɓallin nan na gefe ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna cewa na cika tsanani, ana Next sau uku an gama. Sai in ce musu kowane layi a nan mutum ne mai uwa, kuma na san wata da ta faɗi gaskiya da bakinta aka ƙi ji, saboda kwamfuta ta bar ni ta share ta.